Kwafin Ƙarfe Biyu

Shekara goma sha ɗaya na yi ina buga tafireta a wani ɗan ofishin aikin gona a Kiru kafin a kawo mana kwamfuta, a ƙarshen shekarun casa'in. Aikin ofishin shi ne gwada sabon irin masara da dawa tare da manoman Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, sannan a aika wa waɗanda suka ba da irin labarin abin da gona ta yi. Duk takardar da ta fita daga ofishin nan, ta hannuna ta bi. Don haka da aka ce za a tura mutum ɗaya birni ya koyo kwamfuta, har na sa an wanke mini babbar riga.

Sai aka tura taubashina.

Ɗan kawuna ne, mutumin Ba'awa, malamin gona. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai "bawana", ni kuma in ce da shi "ɗan ƙauye", mu yi ta yi har manya su kore mu. Mutumin da yake buga wasiƙa da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar tsaba, shi oga ya zaɓa, wai ya fi jin Turancin masu irin. Na yi masa murna a baki. A ciki kuwa wuta ce take ci.

Ba mu da layin waya a ofis. Duk mako biyu sai ya naɗe akwatin kwamfutar a bargo, ya rungume shi a kujerar gaban motar ofis, a tafi Kano a jona shi da waya, wasiƙun imel su fita, sababbi su shigo. Ina tsaye a taga ina kallonsa yana ɗaga mini hannu. Ya dawo da burodi ya raba, ni ma ya miƙo mini nawa, in ci ina jin haushi.

Duk wasiƙun a fayil ɗaya suke zaune a cikin kwamfutar, har da sakamakon gonakin damina biyu da malaman gona suka yi ta tarawa. Injiniyan da ya zo daga birni ya ɗaura wani ƙaramin akwati a gefe mai cin faifai mai kauri, ya saita kwamfutar ta riƙa kwafe fayil ɗin zuwa can da kanta kullum. Ya kulle saitin don kada a taɓa. Abin da ya koya wa taubashina kawai shi ne duba kwanan watan kwafin ƙarshe. Bayanin da ya rubuta da hannu kuwa ni aka ba na buga. Oga ya jefa takardar a durowarsa ya kulle, ni kuma na ajiye kwafin kabon, don ba na yar da kabon.

Wata rana na ga taubashina ya yi tsuru a gaban kwamfutar. Ya rage murya ya ce, "Bawana, zo ka gani. Kwanan watan nan bai motsa ba tun ranar da injiniya ya gwada."

Na ce, "To ɗan ƙauye, ba kai aka kai birni ba?"

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ya ƙi gaya wa oga, yana tsoron a ce mako ukun da ya yi a birni ya tafi a banza. Ya sauya faifai. Ya cire wayar ƙaramin akwatin ya hure ta ya mayar. Ya rufe manhajar wasiƙun kafin ya tashi, ko ita ce take riƙe fayil ɗin. Ya sayo littafin makaranta yana rubuta duk abin da ya gwada da abin da ya biyo baya. Kwanan watan yana nan inda yake.

A sahun azahar na gano. Al'adarmu ce, da an yi kiran salla wajen ƙarfe biyu saura, maigadi zai kashe janareta, domin wurin sallarmu yana jikin ɗakin janaretan, ƙararsa ba ta barin a ji liman. Ba a sake tayar da shi sai an ci abinci, wajen ƙarfe uku. Ran nan janaretan ya yi shiru, na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai layin da na buga da yatsuna a takardar injiniya ya faɗo mini: kullum ƙarfe biyu na rana. Injiniya ya zaɓi lokacin da a birni kowa yana bakin aiki. A wurinmu kuwa lokacin kwamfutar a kashe take, an lulluɓe ta da zane.

Allah ya sani, sallar nan ban san me na karanta ba. Da muka idar, taubashina yana gefena yana neman takalminsa. Magana ɗaya ce. Na haɗiye ta. Na ce wa kaina bari ya ɗan wahala kwana biyu, ya san buga takarda ma ilimi ne. Kwana biyu suka zama mako uku. Kullum da safe in ji daɗin ganinsa yana zufa, da yamma in ji kunyar kaina, washegari in sake yin shiru.

Ana tsakiyar damina taubashina da direba suka tafi Kano, hanya duk ta zaizaye, motar ta faɗa rami da akwatin kwamfutar a cinyarsa. Da aka kunna sai wani ƙas-ƙas a ciki. Injiniya ya ce faifan ciki ya mutu, ya ce a kawo kwafi. Kwafin na wata biyar da suka wuce ne. Rabin sakamakon manoman Bebeji da Doguwa babu shi a ko'ina, domin malaman gona sun daina ajiye takarda tun da aka ce inji yana ajiyewa.

Oga bai kore shi ba. Ya mayar da shi gona, can Doguwa, ya ce ni in karɓi kwamfutar. Ranar da zai tafi ya ajiye mini littafinsa a kan tebur ya ce, "Bawana, ga duk abin da na gwada. Kai ka fi ni kai, wataƙila ka gano."

Injiniya ya sa sabon faifan ciki, ya mayar da saitinsa yadda yake. Ranar farko na roƙi maigadi ya bar janareta har biyu da kwata, muka matsa da tabarma ƙarƙashin darbejiya muka yi salla. Da na dawo, kwanan watan ya motsa. Oga ya yaba mini a gaban kowa, na kuwa sha daɗin yabon, ba zan ɓoye ba.

Bayan kaka muka haɗu da taubashina a wani suna a Ba'awa. Ya rame, rana ta ƙona shi. Ya riƙe hannuna ya ce ya ji labari, ya tambaye ni mene ne. Na gaya masa zancen janareta da azahar. Ya dafa kai ya yi ta dariya, sannan ya ce, "Kwana nawa ka yi kafin ka gano?"

Da na yi ƙarya da ya wuce. Bakina ya riga ni, na ce, "Kwana ɗaya."

Dariyar ta tsaya. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya san wanda ya buga takardar injiniya.

Ya saki hannuna a hankali ya ce, "Madalla, Malam. Allah ya ƙara basira."

Yau shekara ashirin da wani abu ke nan. Muna haɗuwa a biki da jana'iza, ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Bai sake ce mini bawana ba.