Saƙon Malam Pettiford a Bakin Ƙofar Jarrabawa

Da safiyar Asabar, takwas ga Nuwamba, na ga Malam Lucius Pettiford ya sauko daga bas a gaban ginin da ake jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, a nan Milwaukee. Ya dafa ƙarfen ƙofar motar, ya daɗe bai saki ba. Kafin rana ta raba aka ce ya cika a asibiti, zuciya ce ta tsaya. Ya bar duniya yana da shekara saba'in da huɗu.

Malam, ka san ban ƙarasa sakandare ba, shagon facin taya na shiga. Akwai lauyoyi da yawa da suka fito daga hannunka, su ya kamata su rubuta wannan. Amma ni ke tsaye a wurin, kuma akwai wadda nake so ta karanta kafin Juma'a.

Ka yi rayuwarka kana tsaya wa 'yan haya a kotu. Da ka ajiye aiki, sai ka koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocinmu kana koyar da tambayoyin auna hujja da ake yi a jarrabawar, kyauta, ga kofi ga fanken Turawa daga aljihunka. Ni nake kai yayata Renita duk mako, in zauna a baya in jira. Tana aikin kula da tsofaffi, ga 'ya'ya biyu. Sau huɗu ta zauna jarrabawar makinta bai kai ba, kuma a ƙa'idarsu zama na biyar shi ne na ƙarshe sai bayan shekaru.

Matsalar Yaya ba rashin kai ba ne, gardama ce. Ina tuna ranar da ka karanta musu wata tambaya: duk gidan da aka yi wa sabon fenti a wani layi an saye shi da wuri, saboda haka fenti ke sayar da gida. Ka ce su nemo abin da mai maganar ya ɗauka a matsayin gaskiya bai faɗa ba.

Yaya ta ce, "Wannan ai ƙarya ce, Malam. A layinmu an yi fenti har sau biyu, ko kare bai leƙo ba."

Ka cire tabarau ka ce, "Ke 'yar nan, wa ya tambaye ki layinku? Ki bar layinku a gida. Abin da aka ba ki a takarda, shi ne duniya har ki gama."

"To in ƙarya aka ba ni fa?"

"Ki nemo inda ta yi rami, ki nuna. Faɗa da ita kuma sai kin zama lauya, a lokacin biyan ki za a yi."

Haka ka yi ta fama da ita har ta daina tsayawa kokawa da tambaya ɗaya lokaci na ƙurewa. Ba ka taɓa ce mata za ta ci ba. Ka ce ba ka faɗin abin da ba ka da hujjarsa.

Al'adarka ce, duk ɗalibinka da zai shiga jarrabawa sai ka je bakin ƙofa ka tsaya har a rufe. A wannan safiyar sanyi na ratsa ƙashi. Na lura leɓenka ya canza launi, kuma hannun hagu na cikin aljihu ba ka fito da shi ba. Yaya ba ta lura ba, tsoro ya cika mata ido. Ka ce mata, "Shiga, uwar gardama. Wadda ta yi miki taurin kai ki tsallake ta, ki dawo daga baya." Ta yi dariya ta shiga. Ka tsaya ƙyam har ta ɓace a bayan ƙofar ciki. Sannan gwiwoyinka suka saki.

Na tare ka kafin kanka ya bugi dakali, na cire rigar sanyina na rufa maka, wata mata ta kira motar asibiti. Kana nishi ka riƙe wuyan hannuna ka ce, "Dorian, za a ba su hutu a tsakiya, za ta leƙo. Kada ka bi ni. Ka tsaya nan ka ce na ce ta koma ciki. Kada ka yi mata ƙarya, za ta kama ka. Abin da na ce kawai." Aka ɗauke ka, na tsaya.

Ban taɓa jira mai tsawon wannan ba. Da lokacin hutun ya yi, sai ga ta a bayan ƙofar gilashi. Ta dubi inda ta bar ka, ta dube ni ba riga a cikin wannan sanyi. Ta tura ƙofar. Mai gadi ya ce, "Baiwar Allah, in ƙafarki ta taka waje, dole in sanar, kuma jarrabawarki ta tashi ke nan."

Ta tsaya a kan dokin ƙofa. "Ina Malam?"

"Ya ce ki koma ciki, Yaya."

"Ban tambaye ka abin da ya ce ba. Ina rigarka?"

"Shi kaɗai aka ba ni in faɗa miki."

"Yana da rai?"

"Ganina da shi na ƙarshe, yana magana."

Ta dube ni. Sannan ta juya ta koma. Tana can tana amsa rabin ƙarshe kai kuma kana cikawa.

Tun ranar ba ta shiga motata ba. Ta ce da ta fita da ta iske ka da rai, ko hannunka ta riƙe. Ta ce ni na ƙirƙiri saƙon don kada wahalar da na sha ta kai ta da ɗauko ta ta tashi a banza, kuma maganar mutum ɗaya mai buƙata a cikin zance ba hujja ba ce. Kai ka koya mata haka, ba ni da bakin musu. Ana ba mai jarrabawa 'yan kwanaki ya soke sakamakonsa kafin ya fito in ya ga dama, nata wa'adin ranar Juma'a yake cika. Ta ce za ta soke, ba za ta shiga aikin lauya ta kan gawarka da ƙaryar ƙanenta ba. In ta soke, zaman ya ƙirgu, babu wani.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya sa ka huta. Ya saka maka da alherin da ka yi wa 'ya'yan mutane da ba su da mai tsaya musu. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Mama Odessa, wadda ta roƙe ka kada ka fita a wannan sanyin, da 'yarku Corinne, da jikoki, da duk waɗanda suka zauna a ɗakin ƙasan nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Yaya, ban ce ki yarda da ni ba. Ba ni kaɗai ke durƙushe a kan Malam ba lokacin da ya yi maganar. Mai gadin da ya tare ki a ƙofa, sunansa Hector Villalba, shi ya tallafe masa kai, yana bakin aiki kullum da safe. Matar da ke sayar da kofi a tsallaken titi, Madam Pa Houa Vang, ita ta kira motar asibiti, ta ji komai da kunnenta. Ba su san ki ba, ba su san ni ba, ba abin da za su samu in kin ci ko kin faɗi. Ki je ki tambaye su kafin Juma'a.