Gawayi da Madubi a Madarunfa

Mun tashi daga Maradi da asuba, ni da ɗiyata ta biyu, a wata tsohuwar mota da ake ɗaure ƙofarta da igiya. Yarinyar tana da tsamin baki, in za ta ce "sauro" sai ya fito kusa da "shauro". 'Yan lakwal, abokan karatunta, sun yi ta kwaikwayonta har ta daina magana a aji, a majami'a ma ta bar waƙa. Fasto ne ya ce mini akwai wata Baturiya 'yar ƙasar Polan da ta sauka Madarunfa tana ɗaukar maganar mutane a kaset, aikinta ke nan binciken sautin baki.

Damina ta yi kyau. Gero ya fi mutum tsawo a hanyar Safo, amalanken jakuna sai wuce mu suke duk inda direba ya tsaya zuba wa injin motar ruwa. Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi kuɗin mota ya hau, gudunta dai yana nan yadda yake. Da muka isa na saya mana soyayyen kifi a bakin tabki. Muka ci, muka nufi wurin matar.

Mun sami Baturiyar a zauren masaukinta, dattijuwa ce mai Hausa a bakinta. Ta sa ɗiyata ta ce "sauro". Da ƙyar ta faɗa. Sai matar ta tafa hannu.

"Wannan sautin naki, a garinmu harafi ne mai zaman kansa! Baƙi kan shekara suna nemansa ba su samu ba."

Ta faɗi kalmomi uku na harshensu: kasa, wurin biyan kuɗi, kasza, tsakin hatsi, Kasia, sunan mace. Ni biyun ƙarshe duk "kasha" na ji. Ɗiyata kuwa ta ce, "Baba, ai ba ɗaya ba ne." Ta maimaita na ukun daidai.

Matar ta kwaɓa garin gawayi da man gyaɗa ta shafa a harshenta, ta furta sautukan uku ɗaya bayan ɗaya, ta sa ɗan madubi a baki muka ga inda baƙin ya taɓa ganɗa. Na farko dab da haƙora, na biyu baya kaɗan, na uku ya shafe tsakiya da faɗi. Ta ce in iska ta matse kusa da haƙora sautin siriri yake fita, in harshe ya ja baya sai ya yi kauri. Ta kunna kaset muka saurara, haka ne kuwa. Ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Har la'asar suna shafa gawayi suna dariya, tana nuna wa yarinyar yadda za ta turo kan harshe gaba. Ni ma an shafa mini, na ɓata riga a banza.

Mun dawo gida da magariba. Tsamin bakin bai tafi ba, wani lokaci sautin ya fito daidai, wani lokaci ya zame. Amma ita ta ba uwarta labarin tafiyar tun daga tasha, ban sa baki ba. Na tafi neman a gyara mata harshe, ashe abin da ta fi bukata shi ne wani ya saurare ta bai yi mata dariya ba.