Tamma Ɗaya da Tiyar Gero

Ɗiyata tana da wata huɗu lokacin da uwar mijina ta ce za a karɓe ta daga hannuna. Ba da faɗa ta yi maganar ba. Tana zaune a tsakar gida tana tankaɗe, ta ce ta aika Alakos wajen ƙanwar maigida, wadda ita ma take goyo, ta zo bayan wata biyu ta ɗauki yarinyar ta haɗa da nata ta shayar. Ni kuma a mai da ni Kelle gidan iyayena sai na warke.

Ban ga laifinta sosai ba. Abin da nake yi ba na mai lafiya ba ne. Ba na iya ajiye yarinyar. In tana barci sai in sa yatsa a bakin hancinta in ji numfashi, in janye, in sake sawa. In na goya ta ina daka, sai in ji kamar ta yi shiru da yawa, in yar da taɓarya in kwance goyon. Rijiya ma na daina zuwa, don gani nake za ta sulluɓe ta faɗa ciki. Na rame, nono ya fara ja baya. Ɗana na fari ya rasu shekara biyu kafin nan, yana wata bakwai, da zazzaɓin kwana biyu, a shekarar da fara ta cinye mana gero.

Maigida ba ya nan. Da aka gama girbi ya ɗora wa takarkarai kanwa ya yi kudu, sai bazara. Abin da ya bari gero ne a rumbu, da kuɗin lampo, wato haraji, a hannun uwarsa. Wannan kuwa ba mai taɓa shi, don in gardin gwamnati ya zo karɓa ba ya tsayawa jin labarin ciwo.

An gwada abin da ake gwadawa. Inna, haka nake kiran uwar mijin, ta kai wa malam zakara, ya yi mini rubutu na kwana bakwai. Na sha, na ji sanyi a raina, amma yatsana bai bar hancin yarinyar ba. A bariki akwai ɗakin magani inda ake wanke gyambo, to ni me zan nuna musu? Wata mai bori ta ce aikin girka ne: baƙar akuya, zane sabo, dala ashirin, da ciyar da makaɗa kwana bakwai. Inna ta ce ba ta da su, ko tana da su ma ba a gidanta ba.

Dillaliyar da take sayen tabarmina ce ta ba ni labarin wata tsohuwa a bakin gari, daga cikin Mangawa, wadda matan da suka firgita bayan haihuwa suke zuwa wurinta. Na ce wa Inna zan je neman kaba, na tafi ranar Laraba.

Na tarar da ita a gindin goruba tana kaɗi. Hausarta ta kasuwa ce, tana yi tana sako Barbarci. Ta dube ni, ta dubi yadda na ɗaure goyon da zane biyu.

“Ke ƴar nan, goyo ne wannan ko dammen gero? Sassauta mata ta sha iska.”

Kafin in zauna ta faɗi kuɗinta. Tamma ɗaya da tiyar gero, kowace Laraba, a ajiye kafin a fara. Ba ta ba da bashi.

Na ce, “Iya, sau nawa zan zo?”

Ta ce, “Ina na sani? Ni na sa miki ciwon?”

Tamma ɗaya ba wasa ba ce a wurina. Tabarma ɗaya kwana shida take ci mini in ina da hankalina, a lokacin kuwa sai in yi kwana goma ban gama ba. Geron kuma ba na iya ɗiba daga rumbu, Inna ta san tsayinsa kamar yadda ta san yatsunta, sai dai in saya. Ina da tabarmi biyu a ajiye, su suka biya Laraba uku na farko.

Laraba ukun nan ba ta ba ni ko saiwa ba. Ba hayaƙi, ba laya, ba abin shafawa. Auduga take turo mini in cire gurya, ita tana kaɗi tana tambaya. Wa ya karɓi haihuwar? Me nake ci? In tsoron ya taso, daga ina yake farawa, ciki ko ƙirji? In na ba da amsa sai ta ce “to,” ta ja zare. A hanyar komawa nakan ji haushi, na ba da kuɗi kuma na yi mata aikin auduga.

Ta huɗu sai da na ciro tasa ɗaya daga jeren ɗakina, cikin waɗanda uwata ta yi mini na aure, na ba dillaliya. Na matsa sauran don kada gurbin ya fito. Da na isa na ajiye kuɗin na ce, “Iya, yau dai a ba ni magani. Tasa na sayar.”

“Allah ya jiƙan tasa. Zauna. Na farin, mene ne sunansa?”

Na ce, “Yaron nan?”

“Ba yaron nan ba. Sunan da liman ya raɗa masa.”

Wace mace ce take kiran sunan ɗan farinta? Ga shi kuma sunan surukina aka sa masa, kunya biyu ke nan. Wata bakwai da ya yi a duniya ban taɓa faɗar sunan ba, ko ni kaɗai a ɗaki. A gaban mutane ban yi masa wasa ba, in ya yi kuka sai na jira an ce “ke, ɗauki yaron mana.” Ranar da aka fita da gawarsa ban yi kuka ba, mata suna ta yabona, wai ga yarinya mai kunya.

Na ce, “Iya, ba kyau.”

Ta ce, “Surukinki yana bayan gorubar nan ne? Daga ni sai awaki. Ko ki faɗa, ko ki ci gaba da cire gurya, ni dai tammata ta shiga.”

Rana ta kusa kai tsaka kafin in faɗa. Da ya fito, sai na ji shi baƙo a bakina. Ta ce in sake. Na sake, sai kukan shekara biyu ya zo, har yarinyar ta farka ta kama nata. A cikin kukan na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da zazzaɓin ya fara, tun da hantsi na ji jikinsa da zafi. Amma gidan cike yake da baƙi, dangin maigida sun zo daga Gidigir, na ji kunyar in fito da ɗan fari a hannu ina nuna damuwa. Na bar shi a ɗaki ina leƙawa. Sai washegari na faɗa wa Inna.

Tsohuwar ba ta ce ba laifina ba ne, ba ta kuma ce laifina ne ba. Ta ce, “Da kin fito da shi, me za su yi? Su jiƙa sabara, su kira malam. Washegarin ba shi aka yi ba? Ni uku na binne, kuma duk da gudu na fito da su ina ihu.” Ta miƙo mini ruwa. “Laraba ki zo da tamma.”

Daga nan aikin ya sake. In na zo sai mu yi maganar yaron da sunansa, irin dariyarsa, yadda yake kama kunnena in yana shan nono. Sannan ta sa in shimfiɗa yarinyar kusa da ita in tafi wancan gindin goruba in dawo. Ranar farko taku ashirin na yi na juyo da gudu. Ta ce, “Sannu, barewa. Tana nan, ban cinye ta ba.” Kowace Laraba tana ƙara mini nisa.

Tasa ta biyu ta tafi, sannan munduwata ta azurfa. A nan Inna ta gane, don jere ba ya ɓoye gurbi biyu. Na faɗa mata gaskiya, ban da maganar sunan.

Ta riƙe baki. “Tasa biyu da munduwa a kan hira? Ni da nake yi miki magana safe da yamma kyauta?”

Na ce, “Inna, nan ke kike yi, can ni nake yi.”

Ta ce, “Ji rashin kunya,” amma ba ta hana ni zuwa ba.

Laraba tara na yi, abin sayarwa ya ƙare. Na faɗa wa tsohuwar. Ta ce da saura, da son samu ne in ƙara huɗu ko biyar. Na ce ko za ta yi mini rangwame. Ta ce geron za ta iya bari, tammar ba za ta bari ba, ita ma lampo take biya. Ba ni da tammar. Muka yi sallama a haka, ta ce in ci gaba da takun a gida.

Ƙanwar maigida ta iso daga Alakos kwana uku bayan nan, a kan jaki, da zanen goyo na biyu a cikin kayanta. Da safe tulunan gidan babu ruwa. Na kwance yarinyar na ɗora a cinyar Inna, na ɗauki tulu da guga. Na kama hanyar rijiya. Na jira layi, na ja ruwa, na gaisa da mata. Ban yi gudu ba. Da na dawo na sauke tulun, na koma na biyu kafin in karɓi yarinyar. Da na karɓe ta na juya baya na taɓa hancinta sau ɗaya, ban sani ba ko sun gani.

Baƙuwar ta kwana biyu. Ran tafiya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “To Inna, a ɗauko ta ko a'a? Rana tana yi.”

Inna ta ce, “Bar ta sai yayanki ya dawo, a gani.”

“Wato wahalar banza na sha, ni da jaki?”

Sai da Inna ta buɗe rumbu ta auna mata tiya biyar ta hanya. Ta hau jakinta da ɗanta a baya tana mita, ni kuma na zauna a bakin ɗaki na ba ɗiyata nono.