Ranar da Na Soya Irin Albasa

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Yuni, shekarar da na cika goma, da tsakar rana, lokacin da duk wani mai rai a garin Sabha yake neman inuwa ya miƙe. Ina tsugune a bayan ɗakin injin ruwa, na ɗora kaskon da Inna ke soya gyaɗa a kan garwashi, a gefena kuma ga galan uku cike da irin albasar Babana. Ina ɗiba da gwangwanin tumatir, in zuba a kasko, in juya da hannun ludayi har zafi ya ratsa shi, in juye a faifai ya huce, in sake ɗiba. Gumi na shiga mini ido, amma ban tsaya ba. Ban ji zuwan Inna ba sai da inuwarta ta rufe kaskon. Ta daɗe tana kallo, ni kuwa na sadda kai ina jiran mari. Sai ta tsuguna, ta janye garwashi biyu da yatsa, ta ce a hankali, "Kada ki bari ya yi ƙamshi." Ta ɗebi ɗanyen irin cikin tafin hannu, ta ƙulle a bakin zanenta, ta koma ɗaki.

Kafin a ce wace irin yarinya ce wannan, bari in faɗi yadda aka yi. Mu mutanen wajen Galmi ne, a Nijar. An kawo ni Libiya ina da shekara uku, a zamanin da kullum talabijin ke cewa Afirka uwa ɗaya ce, ƙofa a buɗe take, baƙar fata ya zo ya yi aiki kamar a gidansu. Ana ta maimaita cewa fetur zai ƙare wata rana, ƙasar da ba ta cin abin da ta noma kuwa baiwa ce. Babana ya yarda da wannan magana har cikin ransa. Da ya samu aiki a gonar wani Balarabe, Haj Mabruk, can bayan gari, ba komai a wurin sai yashi, da rijiyar burtsatse, da dabino tara masu ƙishirwa. Shi kuwa Baba ya zo da ɗan ƙunshin irin albasar garinmu a aljihun rigarsa, jar nan mai yaji wadda ke yin wata da watanni ba ta ruɓe ba.

A wannan gona na yi wayo. Ɗakinmu na bulo ne, jingine da ɗakin inji, saboda haka ƙugin inji shi ne waƙar reno a gare ni, in ya tsaya ma sai in farka. Da safe ni ke yanko wa awaki ciyawa, in kwaso kashinsu a buhu in kai wa Baba, shi kuma ya cakuɗa da yashi, fangali bayan fangali, har ƙasar da take fara tas ta koma baƙa. In an saki ruwa, aikina ne in bi shi da ƴar fartanya, in toshe nan in buɗe can. Tsakanin aiki da aiki ina yin carafke da ƙwallon dabino, ko in saka ɓawon kankana a kwatar ruwa in bi shi da gudu in ga inda zai maƙale. Makaranta shekara biyu kawai na yi. Tafiyar da nisa, yaran kuma in na shigo aji sai su toshe hanci suna cewa albasa ta iso. Na koyi haɗa baƙi, na koyi dambe, na dawo gona.

Abin da na fi so shi ne lokacin fitar da iri. Baba ba ya barin kowa ya zaɓar masa uwar iri. Zai zauna gaban tulin albasa, ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu, ya matsa wuyanta, ya shinshina, cikin ɗari da ƙyar ya ware goma. Sai ya yanke kawunansu ya sake binne su, bayan watanni su fito da dogayen sanduna masu farin fure kamar hular jarirai. Ni ke korar tsuntsaye da gwangwani da tsakuwa. In furen ya bushe mu yanko, mu shanya a tabarma, mu murje, Inna ta sheƙe, a zuba a ruwa, wanda ya taso sama a zubar, wanda ya nutse a shanya a adana. Yakan ce mini, "Rakiya, albasa kowa na iya nomawa. Iri ne sai mai haƙuri."

Cikin shekara bakwai gonar Haj Mabruk ta yi suna. Motoci na zuwa daga kasuwa su yi layi, masu gonakin kusa na roƙon iri. Wata rana aka ce manyan ma'aikatan gona na gwamnati za su zo da masu ɗaukar hoto. Tun da safe Haj ya sa muka share ko'ina, muka jera albasa a kwanduna, sannan ya ce mu shiga ɗakin inji mu rufe ƙofa har baƙi su tafi. Ta kafar bulo na leƙa na gan shi cikin farar riga, ya ɗaga albasar Baba sama da hannun da bai taɓa riƙe fartanya ba, ana ta tafa masa. Na juyo na dubi Baba, sai na ga murmushi yake yi. Wai shi daɗi yake ji an yaba albasar. Ranar ce na fara jin wani abu mai ɗaci ya zauna mini a ƙirji, kuma har yau bai tashi ba.

A ƙarshen sanyin wannan shekarar bel ɗin inji ya kama hannun Baba na dama, ya tafi da yatsu uku. Haj ya kai shi asibiti a motarsa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya jira har muka gama girbi, har ni da Inna muka murje irin bana muka cika galan uku, sannan ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakinmu, ko takalmi bai cire ba. Ya ce gona tana son hannu biyu, ya samo wasu mutane, Juma'a mu tashi. Iri kuma a bar shi, tunda a ƙasarsa ya fito, da ruwansa. Baba ya dubi hannunsa da ke naɗe da tsumma, ya ce, "To, Haj. Allah ya sa ya amfane ka." Ni na ji, ina bayan ƙofa. Washegari da rana ta take, kowa ya kwanta, na hura garwashi.

Irin albasa baƙi ne ƙirin tun asali, wuta ba ta nunawa a jikinsa. Ranar Juma'a Haj ya buɗe galan ɗaya, ya zura hannu, ya murza, ya rufe, ya sa a mota.

Muka koma unguwar Gurda a cikin gari, ɗaki ɗaya a gidan haya da muke raba famfo da iyali biyar. Baba yakan fita da asuba zuwa unguwar Jadid, inda leburori ke tsayawa a bakin titi ana zuwa ana ɗibarsu, amma duk mai motar da ya ga hannun sai ya wuce. Inna ta kama soya ƙosai. Ni kuwa ina lissafin watanni, domin na san ba a yafa iri sai zafi ya karye. Cikin watan goma sai ga Agali, wani direba Buzu da ya saba ɗaukar albasa daga gonar, ya zo shan shayi wurin Baba. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Albasa na Haj babu fita. Ruwa ya ba, taki ya ba, kwana ashirin, ƙasa shiru. Maƙwabci huɗu ya saya iri wajensa, su ma shiru. Yanzu kullum suna ƙofa nasa, faɗa." Na fita da gudu na shiga banɗaki, na toshe baki da gefen mayafi, na yi dariya har da hawaye. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan labarin daɗi ba.

Abin da ban hango ba shi ne Baba. Haj ya zo har gida yana huci, Baba ya rantse masa da Allah cewa irin lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiyarsa ya faɗa, iyakar saninsa ke nan. Bayan Haj ya tafi sai Baba ya daina cin abinci sosai. Yana zaune yana juya hannun, yana cewa wataƙila tun wajen zaɓe ya kuskure, wataƙila sanin ma ya bi yatsun ya tafi. Korar da aka yi masa ba ta karya shi kamar wannan ba. Kwana da kwanaki ina so in buɗe baki ina kasawa. Inna ce ta kwance bakin zanenta, ta yanke wata tsohuwar jarka, ta cika da ƙasa da kashin awaki, ta yafa ɗanyen irin nan da ta ƙulle ranar da na soya sauran, ta ajiye daidai inda Baba ke alwala. A rana ta tara koren tsiro ya rufe jarkar kamar gashin jariri. Baba ya tsuguna a kai ya daɗe. Ya dubi Inna, ya dube ni, ya sake duban tsiron. Bai tambaye mu yadda aka yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Maƙwabtan nan huɗu fa, me suka yi muku?" Da daddare ya cinye tuwonsa tas.

Tambayar nan ban amsa ta ba har ya rasu. Maƙwabtan suna damuna, musamman yanzu da na san abin da ake nufi da shekara guda ba amfanin gona a gidan da ke da yara. Amma Haj Mabruk, ko yau aka ba ni kasko zan hura wuta. An ce ya sayo irin kanti, albasar ta zo fara mai ruwa, ba ta wata biyu take ruɓewa, motoci suka daina zuwa. Bara mijina ya bi ta wajen da mota, ya ce yashi ya cinye fangulan, sai dabinon nan tara. Yanzu albasar da nake saya a kasuwa daga nesa ake kawo ta, ranar da hanya ta rufe kuwa sai mu yi miya babu ita, a garin da na ga an loda ta mota-mota. Masu jawabin talabijin sun ce noma ne zai riƙe ƙasa, ba su taɓa tambayar wa aka kulle a ɗakin inji ba.

Irin albasa ba ya jimawa, shekara ɗaya ko biyu ya mutu a cikin kwalba. Don haka duk shekara sai na shuka shi a jarkoki shida a tsakar gidanmu, in zaɓi uwa kamar yadda na ga Baba na yi, ina fargabar akuyar maƙwabta, ina fargabar ranar da famfo zai ƙafe. Ƴata Hadiza, mai shekara huɗu, ita ke korar mini tsuntsaye da gwangwani. Tana da irin kallona, ba ta mantuwa in an yi mata abu, wannan ma yana hana ni sukuni. Na koya mata yadda ake gane irin da ya nutse da wanda ya taso. Maganar kasko kuwa, har yanzu ban san ko zan faɗa mata ba.