Farfesa Hanatu Ta Huta a Rawayya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 7 ga Agusta 2025, bayan sallar La'asar, Abdulaziz ya kira ni ya ce mahaifiyarsa, malamarmu Farfesa Hanatu Bello, ta cika a gidansu na Rawayya. Na yi salati, sai kuma na ji bakina ya ce alhamdu lillahi. Ban ji kunyar faɗin haka ba, Malama, don na ga yadda ciwon daji ya cinye ki a bana.

Ina ƙaramin malamin jami'a a Gusau, ban san inda zan sa gaba a bincike ba, kika kira ni ofishinki kika tambaye ni ko kakata tana raye. Na ce tana nan a Tsafe. Kika ce, "Rabi'u, yaushe rabonka da ka zauna ka ji abin da ke damunta?" Daga ranar na shiga sahun matasan da kike koya wa nazarin tsufa da lafiyar tsofaffi, fannin da abokanmu suke mana dariya a kansa, wai mun zaɓi aikin da ba shi da gaba.

Ba a aji kaɗai kika koyar da mu ba. Kin kai mu ƙauyuka, kin sa mun tuɓe takalma mun zauna a tabarma ƙasa da tsoho, mun gaishe shi, mun tambayi gonarsa da awakinsa kafin mu tambayi gwiwarsa. A wani ƙauye kusa da Bungudu muka tarar da Inna Ladidi, tsohuwar da aka ƙaurace wa ana kiranta mayya, saboda tana fita ba mayafi tana kiran sunayen matattu. Kin gane gigin tsufa ne, amma ba ke kika faɗa wa mutanen ƙauyen ba. Ni da Hussaina, wadda ita ma ɗalibarki ce, kika tura mu gaban liman da mai gari mu yi bayani. Muna bayani, ke kuwa kina zaune can gefe. Kafin damina ta fita, jikokin Inna Ladidi sun koma cin tuwo tare da ita. Da muka rubuta binciken, kika hana mu sa sunanki a gaba. Kika ce wanda ya sha rana shi ke shan inuwa.

Ranar da Hussaina za ta kare digirinta na uku, goyonta ya ƙi yin shiru. Ke kika karɓe shi kika goya, Farfesa guda, kina kai da komowa a baranda har ta fito.

Mu da muke kusa da ke mun san tsoronki. Mahaifiyarki ta rasu ba ta gane ki ba, kuma kin sha faɗa mana cewa ba mutuwa kike gudu ba, sai dai a yanke miki hukunci kina kwance kamar ba kya nan. Abin ya kusa faruwa. Da likitoci suka ce ciwon ya bazu, Abdulaziz, cikin son uwa, ya shirya fitar da ke ƙasar waje a sake yi miki tiyata. A falon gidanki na Damba da ke Gusau aka yi ta shawara, kina ɗaki kina jin kowa. Hussaina ce ta yi ƙarfin hali ta ce, "Yaya, an tambaye ta kuwa?" Sai ya tashi ya shiga ya durƙusa gabanki.

"Inna, mi kika so?"

"In tahi gida," kika ce.

Ya yi kuka, amma ya kai ki Rawayya. Mu kuma muka raba zuwa a tsakaninmu, masu aikin likita a cikinmu suna kula da maganin rage zafi, sauranmu muna kawo miki rubuce-rubucenmu kina gyarawa da baki. Zuwana na ƙarshe kin gane ni, har kin yi mini faɗa a kan sabbin ɗalibai biyu da na ɗauka, kika ce kada in bar su su zauna a ofis. Ƙanwarki Hajiya Balkisu ta shaida mana da hankalinki kika tafi, kalmar shahada a bakinki, ana ruwa. Da na ji haka sai wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Ina miƙa ta'aziyya ga Abdulaziz da ƙannensa, da Hajiya Balkisu, da mutanen Rawayya, da 'yan'uwana ɗalibanki. Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ilimin da kika bari ya zama sadaka mai gudana, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Mu kuma da muka saura, Allah Ya ba mu tsufa mai mutunci, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Dakta Rabi'u Umar Tsafe, Gusau.