Fankar Alhaji Sabo

Har gobe ban manta da wata Litinin da aka kira ni daga shagona na gyaran kwamfuta a Gyadi-Gyadi zuwa wani ofishin masu zanen gidaje a Tarauni ba. Ina sauka daga adaidaita na tarar da sakatariyarsu, Madam Rifkatu, zaune a baranda da jaka a cinya.

Ta ce, "Malam Nasiru, Oga ya ce ni na ƙona kwamfuta. Wai in ba ta tashi yau ba, in kama hanyar gida."

Raina ya ɓaci, don na san matar nan ko linzamin kwamfuta ba ta ja da ƙarfi.

Ogan nasu, Alhaji Sabo, mutum ne mai tattalin sabon abu. Kujerun motarsa a leda suke, rimot a leda, kujerar ofishinsa ma in ya motsa sai ledarta ta yi ƙara. Ya ce ranar Asabar ya sayo sabuwar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da sabuwar fanka, ya ɗaura da hannunsa yana kallon bidiyo a waya.

"Kuma daidai na haɗa. Ita ce ta zo da safe ta danna wani abu."

Na kunna. Fanka ta juya, fitila ta kama, kafin in ƙirga goma ta mutu ɗif. Ƙa'idarmu a irin wannan ita ce a fara da abin da aka taɓa a ƙarshe. Na cire wuta, na zare ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, na mayar, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiya. Saura zafi. Furosesa in zafi ya yi mata yawa kashe komai take don kada ta ƙone, kuma ƙarfen da ke ƙarƙashin fanka shi ke zuƙe zafin, muddin ya manne da ita.

Na kwance fankar na juya ta. Ga ledar kamfani fes a jikin ƙarfen, da jan rubutu cewa a ɓare kafin a ɗaura. Alhaji har ya shafa man furosesa, mai taimaka wa ƙarfen zuƙe zafi, a kanta.

Da na so, da na ɓare shiru na rufa masa asiri. Amma na tuna da mai jaka a baranda. Na kira ta ciki, na yafito masu zane biyu, sannan na yi fuskar marar sani.

"Ranka ya daɗe, wannan ledar fa? Ko Madam ce ta liƙa?"

"Kai, kar ka cire! Ina ruwan Madam? Ni na bar ta da gangan, kada ƙarfen ya karce. Sabo ne fa!"

Na ce, "To, alhamdu lillahi, kowa ya ji."

Na yi masa bayani, na ɓare, na goge, na shafa sabon mai, na ɗaura. Kwamfuta ta tashi ta zauna daram. Masu zane suka fice da gudu suna tarin ƙarya. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Madam, ajiye jakar mana, aiki na jiranki."

Na miƙa masa ledar da hannu biyu. Wallahi ya karɓa, ya ninke, ya sa a durowa.

Tun daga ranar, in an kira ni aiki ba na tambayar wa ya kunna. Wanda ya kwance nake nema, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Rifkatu tana nan a wurin aikinta. Kujerar Alhaji ma tana nan a ledarta.