Sunan Baturen da Ya Liƙe wa Gidanmu

Gidanmu a Ƙaura sunan Bature gare shi. Idan baƙo ya sauka tasha ya nemi gidan malam wane, sai a yi ta kallonsa. Amma ya ambaci sunan nan na Ingila, wanda bakin mutanenmu ya lanƙwasa har mai shi ma ba zai gane abinsa ba, take za a nuna mishi ƙofa. Da shi aka rubuta mu a makaranta. Ba wanda ya taɓa tambayar inda muka samo shi.

Da shari'a ta zo, kowa a unguwarmu ya wayi gari da salsala. Mai gyaran rediyo ya zama jikan masu tuta, mahauci ma ya gano kakansa daga Gabas ya zo. A lokacin ne limaminmu ya rasu, aka fara maganar Baffa, yayan mahaifina, don ya fi kowa karatu. Sai wani dillalin shanu ya kalli farar fatar Baffa a majalisa ya ce, "Jinin Nasara zai ja mu salla? Ku tambayi inda sunka samo sunan."

Kowa ya gane abin da yake nufi. Kakarmu yake zagi, tana kabarinta. Ban taɓa ganin Baffa ya yi kuka ba sai ranar, kuma ni ma raina ya ɓaci ƙwarai.

Ina koyarwa a firamare, ina da babur, saboda haka ni aka ɗora wa yawon tono asalin sunan, Baffa a bayana. A Ƙaura wani tsohon leburan jirgi ya ce lallai an yi Bature mai wannan suna, mai sayen auduga, jajir da shi, ga tsoron tsiya. Sauran bayani sai Shinkafi. A Shinkafi muka samu wani dattijo wanda kana gani ka san gwanin ƙarya ne. Ya lumshe ido ya ce kakanmu sharifi ne, shi ya yi wa Baturen addu'a ya warke daga ciwon ciki. Baffa har da gyara rawani. Na ce, "Baba, yaya sunan kakan namu?" Ya ce tsufa ya cinye. Tsufan dai bai cinye mishi haƙori ba, don ya karɓi goro.

A Zurmi aka kai mu wajen wata tsohuwa mai daddawa, ƙawar kakarmu tun suna 'yan mata. Baffa na faɗin abin da ya kawo mu ta fashe da dariya har ta sarƙe, sai da aka ba ta ruwa.

"Kai, yaro," ta ce da Baffa, da furfurarsa da komai. "Wa ya ce maka ubanka sharifi ne? Ƙato ne dai, Allah ya jiƙan shi. Can da ba gada. In gulbi ya kawo, Baturen ga ba ya taɓa ruwa, sai ubanka ya duƙa ya haye wuyanai, ya riƙe mai kunnuwa, su ƙetare. Jakin wane muka ce mai. Da ya girma ya yi iyali, mutane sunka ji kunya, sunka yar da jakin, sunka bar mai Baturen."

Baffa ya ce a hankali, "To farin fa, Inna?"

"Uwar taka ba Bafillata ba ce? Kai wane irin malami ne?"

A hanyar komawa na ce da Baffa mu riƙe labarin Shinkafi. Wa zai je Zurmi ya bincika? Ga limanci, ga sharifta, duk a tafiya ɗaya.

Washegari bayan la'asar Baffa ya miƙe a masallaci kafin mutane su watse. Ya ce ya tono asalin sunan, kuma zai faɗa kamar yadda ya ji. Ya faɗa kuwa, har da kunnuwan. Wayyo, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dillalin ne ya fara dariya, sauran suka ɗauka, har ladan ya juya fuska bango kafaɗunsa na rawa.

Limanci wani aka ba. Aka ce karatun Baffa ba laifi, amma mutane ba za su iya tsayawa bayansa ba su tuna ba. Kafin wata ya fita, jakin da aka yar tun zamanin Turawa ya dawo ƙofar gidanmu, kuma har yau bai tafi ba.

Na yi fushi da Baffa, na kuma faɗa mishi. Na ce ya jawo mana abin dariya har jikoki. Yana alwala, bai ɗago ba.

Ya ce, "Sharifi ba zai hana a zagi uwata ba, don ba wanda zai yarda. Wanga kowa ya yarda. Tun ranar, ka ƙara jin wani ya ambace ta?"

Ban ƙara ji ba.